Malam Edita, Surame Fa a Jihar Sakkwato Take

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, ya haƙuri da mu masu karatu. Allah ya ƙara basira ya tsare ku amin.

Ni dai ba gwanin rubuta wasiƙa ba ne, duk shekarun nan da nake sayen jaridarku ban taɓa rubuto muku ko layi ɗaya ba, yau ɗin ma da waya nake dannawa da yatsa guda kamar kaza na tsintar tsaba, saboda haka in kun ga zancen ya yi tsawo ko ya kama wata hanya a yi min uzuri, tsufa ne da kuma son abu. Abin da ya tayar da ni shi ne ɗan rubutun da kuka buga kwanakin baya a shafin tarihi kan wuraren da ya kamata ɗan Arewa ya je ya gani da idonsa. Da na ga sunan Surame a ciki wallahi sai da na miƙe tsaye, na ƙwala wa maman yara kira na ce zo ki ga kishiyarki a jarida, to amma ina gangarawa ƙasa da karatu sai na ga an ce wai tana jihar Kebbi. A'a Malam Edita. Surame a jihar Sakkwato take, a yankin Binji can ta wajen Silame. Na san inda kuskuren ya samo asali, ai birnin Kanta ne, Kanta kuwa shi ya kafa daular Kabi, to duk wanda ya ji haka sai ya ɗauka an gama magana. Amma lokacin da aka yanki jihar Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato a watan Agustan 1991, Argungu da Birnin Kebbi suka tafi can, kufan Surame ya tsaya nan wajenmu. Ba gardamar wa ya fi wa gadon Kanta nake ba, ni kaina Bakabe ne tsagen yana nan a fuskata ba ya ɓoyuwa, gudu nake kada wani bawan Allah ya karanta ya hau mota ya sauka Birnin Kebbi yana tambayar 'yan kabu-kabu hanyar Surame su yi ta kallonsa.

In ka ce to kai wane ne da za ka yi mana gyara, ba kowa ba ne, tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, ba ni da digirin tarihi. Ƙafa gare ni. Sama da shekara hamsin ina zuwa wurin nan, kusan arba'in daga ciki ina ɗaukar hoto.

Kakana na wajen uba shi ya fara kai ni, ina ɗan shekara tara ko goma. Shi mai neman sassaƙe ne da saiwoyi, yana ɗan ba da maganin shawara da na basir a ƙauyenmu, kuma a wajensa itacen cikin kufai ya fi na ko'ina ƙarfi tunda ba a cika damunsa da gatari ba, mutane na tsoron wurin, an ce akwai iskoki. Muka fita bayan sallar asuba shi a gaban jaki ni a baya na rungume ƙugunsa ina gyangyaɗi, sai da hantsi ya ɗaga muka iso. Ni da na ji an ce gidan Kanta za mu, na sa rai zan ga soraye da zaure da dogarai, sai na ga daji kawai, sabara da geza da kuka nan da can, ga kuma wani abu ja mai tsawo kwance a gabanmu ya miƙe dama ya miƙe hagu har inda ido ya ƙare. Da muka matso sai na ga duwatsu ne an jera ɗaya kan ɗaya. Ka san mu a ƙasarmu da laka ake gini, tubali da yaɓe, ban taɓa ganin an yi bango da dutse ba. Na ce kaka wa ya tara duwatsun nan haka? Ya sauko daga jaki ya ɗauki guda ya ɗora min a ka, na kusa durƙushewa, ya ce, "To ka ji nauyinai ko? Duk wanga dutsi da kaka gani mutum na yaɗ ɗauko shi ga kai, ba iska ta kawo shi ba." Ya sauke min ya mayar da shi daidai ramin da ya ciro shi, ya ce ba a fita da ko tsakuwa daga nan. Har yau in na je ban taɓa sa ko tsingaro a aljihu ba, alhali ga su nan birjik a ƙasa, fasassun tukwane wasu har da zane a jikinsu.

A ranar ya ba ni labarin Nufawa. Wai da Kanta zai gina birnin ya aika wa duk ƙasashen da ke ƙarƙashinsa kowa ya zo ya gina nasa sashe, Nufawa suka makara, shi ne ya ce to su ba za su kwaɓa ƙasarsu da ruwa ba, da man kaɗe za su kwaɓa, kuma wai sashensu ya fi na kowa ƙwari. Ya ba ni na jirgin ruwan Kanta da aka lulluɓe da tagulla wanda yake shiga in gulbi ya kawo. Labarin baka ne, haka muka taso muka ji. Amma yaro yaro ne, kaka na can yana saran itace ni kuwa na bi bango ina shinshina duwatsu ɗaya bayan ɗaya ina neman inda ke warin man kaɗe, wani ma sai da na lasa. Ban samu ba. Na gaya maka gaskiya ko bayan na girma na yi aure, wani lokaci in na waiga ba kowa sai na ɗan kai hanci.

Sai da na shiga kwalejin horon malamai na gane ashe abin da kaka ke faɗi a kan jaki yana cikin littattafai, ba duka ba amma ƙashin bayansa yana nan. Muhammadu Kanta jarumi ne da ya yi yaƙi tare da rundunar Askiya Muhammadu na Songhai, suka je yaƙin Agadas, da aka dawo aka samu saɓani kan rabon ganima, Kanta ya ce ya bar biyayya, wajen shekarar 1516 kenan. Songhai fa a lokacin ita ce giwar yankin nan kaf, amma suka turo runduna ta kasa tanƙwara shi. Ya kafa garuruwa masu ganuwa, Surame da Gungu da Leka, Surame ce babbar fadarsa. Ya yi yaƙi har da Barno, kuma a hanyarsa ta dawowa daga can ne aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, raunin ya zama ajalinsa. Katsinawa abokan wasanmu dai sun san abin da suka yi, muna nan muna jiran diyya. Birnin ya ci gaba da zama fadar sarakunan Kabi bayansa shekaru da yawa har ƙarfin daular ya soma raguwa, Gobirawa ta nan Zamfarawa ta can Azbinawa ta arewa, a farkon ƙarni na 18 aka tashi aka koma Birnin Kebbi. Ita ma Birnin Kebbi ta faɗa hannun masu jihadi a 1805 ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, daga baya Kabawa suka kafu a Argungu inda sarautar take har gobe. Abin da ya fi tsaya min a rai cikin duk karatun shi ne abin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta a littafinsa Infaƙul Maisuri. Shi da ba Bakabe ba, shi da suka gwabza da Kabawa, amma ya yarda cewa ba a yi daula mai ƙarfin ta Kanta a ƙasashen nan ba, kuma kufan biranensu, duk da an yi kusan shekara ɗari da rushe su a zamaninsa, sun fi duk wanda ya taɓa gani. To in a wancan lokacin ma kufai ne, lissafa ka ga shekarun da duwatsun nan suka yi suna shan ruwa da rana ba mai gyara su.

Kyamara kuwa a 1983 na same ta, shekarar da na fara koyarwa. Yashica ce ta hannu, wajen wani alhaji na saya da ya ce ta ishe shi, na biya shi sau uku daga albashi. Mutane na sayen keke ko rediyo mai kaset da albashin farko ni na sayi abin ɗaukar hoto, babana sai da ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau. 'Yan yanzu ba za su gane wahalar ba, fim guda hoto 36 ne, in ya ƙare ya ƙare, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai ka kai wanki Sakkwato ka dawo ka jira, wani lokaci sati biyu, mai kala ma ya fi haka daɗewa ga tsada. Saboda haka kafin ka danna sai ka yi tunani, ka zagaya, ka tsuguna, ka tashi, ka jira gajimare ya wuce. Da farko hotunan biki da suna nake ɗauka don in mayar da kuɗin fim, amma kullum sai na rage biyar ko shida na ƙarshe na ce waɗannan na Kanta ne. Mai wankin hoton har ya saba, in ya miƙo min ambulan sai ya ce malam ga na mutane ga kuma na duwatsunka.

Akwai wanda ya fi ci min rai, bari in faɗe shi tunda na fara. A 1987 na samu na lallashi babana ya bi ni, lokacin kaka ya daɗe da rasuwa, shi kuma baba rabonsa da wurin tun yana saurayi. Na ɗauke shi a bayan babur ɗin aro. Da muka isa mutumin da ke min faɗan ɓarnar kuɗi sai ga shi ya yi shiru, ya dafa bango, ya fara nuna min inda mahaifinsa ke ɗaure jaki, inda suka taɓa kashe damo suka gasa, har yana dariya. Na ce baba tsaya nan in ɗauke ka. Shi da ba ya son hoto ko kaɗan ranar ya gyara hula ya tsaya ƙiƙam riƙe da sandarsa kusa da wata kuka da bangon ya biyo ta gindinta. Na ɗauka sau uku don kada a samu matsala. Na kai wanki wani situdiyo, ba wanda na saba ba don ranar ya rufe, na koma bayan kwana goma yaron shagon ya miƙo min fim baƙi ƙirin ya ce haske ya shiga, ko wajensu ko wajena Allah ya sani, ya ce in yi haƙuri. Na yi haƙurin, me zan yi. Na ce ba komai bayan kaka ma koma. Baba bai kai kakar ba. Yanzu haka ba ni da hotonsa ko guda sai ɗan ƙaramin da ke jikin wata tsohuwar takarda wanda ma fuskar ta goge.

Tun daga nan ne abin ya zama min kamar farilla. Duk shekara in an gama girbi sai na je gindin kukar nan, in jingina sandar baba a bangon daidai inda ya tsaya, in ja baya taku goma sha biyar in ɗauka. Ban yi da niyyar wani bincike ba, kewa ce kawai. Maman yara tun tana faɗa har ta gaji ta sa wa wurin suna kishiya, in ta ga ina goge kyamara sai ta ce yau kwanan amarya ne kenan, a gaishe ta, a ce mata ta riƙa aiko da ko kuka ce ta miya. Kuma ina kawo mata ɗin. Sau ɗaya ta taɓa bina, ta duba gabas ta duba yamma ta ce yanzu malam saboda Allah wannan ne? Ta koma inuwa ta zauna tana tsifar kai har na gama.

Ga wanda Allah ya nufa zai je wata rana, lokaci yana da muhimmanci. Da damina ciyawa ke rufe komai, bangon ma sai ka taka shi kafin ka gan shi, ga macizai, ni da kaina na taɓa kai hannu zan dafa dutse don in gyara tsayuwa sai ga kububuwa kwance a kai kalarta ɗaya da dutsen, ban san lokacin da na tsinci kaina can nesa ba takalmi ɗaya a ƙafa. Da bazara kuwa ka san zafin ƙasar Sakkwato, dutsen har ƙona tafin hannu yake, hoton tsakar rana kuma fari fat yake fitowa ba ka bambance bango da ƙasa. In hunturu ya kankama hazo ya sauko shi ma sai ya shafe nesa, ba za ka ga yadda ganuwar ta miƙe ba. Ni dai wanda na fi so shi ne ɗan tsakanin nan, an gama yankan gero, ciyawa ta bushe ta kwanta, hazo bai riga ya yi kauri ba. Ka isa da sassafe ko ka jira la'asar sakaliya, lokacin da rana ke dukan bangon ta gefe, kowane dutse ya fito da inuwarsa, jan nan ya koma kamar garwashi. Sannan ne za ka ga aikin hannu, ka ga yadda aka zaɓi manya aka sa a ƙasa aka cike tsakani da ƙanana, ka ga inda ƙofa take, ka ga alamar ramin da aka haƙa ta bayan ganuwa duk da ƙasa ta cike mafi yawansa. Kuma ka je da ɗan gari, wurin yana da faɗi ƙwarai, ba abin da za ka gama zagayawa kafin azahar ba ne, in ka shiga tsakiya ko'ina kama yake da ko'ina.

To ga inda maganar take Malam Edita. Wata rana jikana ya zo hutu ya zazzage akwatin hotunan a tabarma, ya ware na gindin kuka ya jera su bi da bi bisa shekarun da na rubuta a bayansu. Ni da na ɗauke su ban taɓa jera su haka ba. Da na duba sai jikina ya yi sanyi. A na farkon bangon ya ɗara sandar baba da kusan kamu biyu. Ana tafiya ana tafiya sai ga su kai ɗaya. A na ƙarshen sandar ce ta fi bangon tsawo, ta gefen hagu ma an samu giɓi har akuya na wucewa. Ni da nake zuwa duk shekara idona bai taɓa kama wannan ba don kaɗan-kaɗan abin ke tafiya, hoto ne ya tona. Wani ruwan sama ne ke zaizaye ƙasar da ta riƙe duwatsun su gangaro, wani saiwar itace ce ke shiga ta buɗa, wani dabbobi ne ke hawa, wani kuma mu ne 'yan Adam, don na sha gamuwa da amalanke ɗauke da jan dutse an nufi gari za a zuba harsashin ɗaki. Da ina jin haushi har in tsaya ina wa mutum wa'azi, wani dattijo ya taɓa kallona ya ce malam Kanta ya gama da su, ni ɗakina ke zuba. Ban samu amsar ba shi ba a lokacin. Yanzu ma da na tsufa ban cika ganin laifin talaka ba, mutumin da ba a taɓa zaunar da shi an gaya masa darajar abin ba, kuma bai taɓa cin ko sisi ta dalilin wurin ba, don me zai ga dutse a daji ya bar shi ya je ya sayi bulo da siminti a wannan tsadar. Tsoron iskoki ne ya tsare wurin nan ɗaruruwan shekaru, yanzu tsoron ya ragu ba a kawo wani abu a madadinsa ba.

A takarda kam Surame ba ta rasa gata ba. Tun 1964 aka sa ta cikin wuraren tarihi na ƙasa da doka ta kare, a 2007 kuma aka shigar da sunanta jerin wuraren da Najeriya ke fatan UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Jerin jira ne fa, ba shiga ba ce, Sukur ta jihar Adamawa ta shiga tun 1999, dajin Osun na Osogbo ya shiga a 2005, tamu tana layi. Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne Argungu. Bikin kamun kifi da aka faro tun 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar sada zumunci, duk sanda aka yi shi duniya ce ke taruwa a Matan Fada, manyan baƙi, 'yan jarida, Turawa da kyamarori masu dogon baki, a shiga gidan tarihi na Kanta a ga kayan yaƙi da tambura, a yi ta ambaton Kanta Kanta a lasifika, amma cikin dubban nan da wuya ka samu goma da suka san ainihin gidan mutumin yana nan a tsaye ko a ce a durƙushe, kuma ba wata uwar tafiya ba ce. Ba hassada nake ba, ni ma ina zuwa kallon kamun kifin, kawai dai abin ya yi kama da a yi ta yabon tuwo a manta da murhu. Na koyar shekara talatin da biyar, yaran da suka bi ta hannuna sun haddace sunan Mungo Park da kogin da aka ce ya gano, amma in ban da waɗanda na kwasa da kaina na kai a bayan a-kori-kura sau biyu ko uku, da kuɗin aljihuna da na wani abokin aiki, yawancinsu har suka gama ba su taɓa jin an ambaci Surame a aji ba.

Wasu kuma ta fuskar addini suke zuwa min, wai me musulmi zai je yi kufan mutanen da, wurin aljanu, har da ɗaukar hoto. Nakan ce musu ni ban taɓa zuwa roƙon komai wajen dutse ba, ban taɓa yanka ko kaza ba, in azahar ta same ni can in yi alwala da ruwan gorata in shimfiɗa rawani in yi sallata. Kuma ai Alƙur'ani da kansa ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Mutumin da Askiya ya kasa, yau ƙadangaru ke shanya a fadarsa. Wani malamin da muka yi wannan muhawara da shi daga baya shi ya roƙe ni in kai shi, muka je, a hanyar dawowa bai ce min uffan ba sai tasbihi.

Hotunan ma kansu ba su tsira ba. Ambaliyar 2010 da ta cinye gadar hanyar jami'ar Ɗanfodiyo, ruwa ya shigar mana ɗaki cikin dare, muka ceci yara da buhunan abinci, akwatin hotuna yana ƙarƙashin gado. Da gari ya waye albam uku sun manne sun zama kamar ƙosai, in ka ɓamɓare sai hoton ya biyo ɗan'uwansa. Gara ta ci wasu daga baya. Nagetif ɗin da na zuba a gwangwanin madara su ne Allah ya tsare, sai na gindin kuka da ke cikin wata leda a saman kwaba. Yashica ta mutu tuntuni, ko da tana da rai ma ina za ka samu fim, tun wajen 2012 na koma waya. Waya ta fi sauƙi ba ƙarya, ka ɗauki ɗari ka goge casa'in, amma na lura tunda na fara da ita na daina tsayawa in kalli wuri kamar da, dannawa kawai nake, kuma wata waya da ta faɗa rijiya ta tafi da hotunan shekara biyu don ban san ana kwafewa a wani wuri ba sai da jikan nan ya koya min.

Rabona da Surame tun ƙarshen 2021. Ba ƙafa ce ta gaza ba duk da gwiwa na ciwo, hanya ce. Kai ɗan jarida ne ka fi ni sanin halin da yankin Binji da Tangaza da Silame ya shiga, 'yan bindiga, ga kuma Lakurawa da sunansu ya cika labarai, mutanen ƙauyukan da nake sauka in sha fura wasu sun tashi, wanda ke raka ni ciki ma yanzu a Sakkwato yake yana tura baro. 'Ya'yana sun haɗa kai sun ce in na sake cewa zan je za su ɓoye makullin babur, kuma na san gaskiyarsu, dattijo da waya yana ɗaukar hoto a daji a wannan zamani kowane ɓangare ya gan shi ɗan leƙen asiri zai ce. Saboda haka kada wani ya karanta wasiƙar nan ya ɗauki jaka gobe, a tambayi mutanen yankin tukuna a ji abin da za su ce. Duk shekara in na ga an fara ɗaure dammunan gero sai in ji wani iri, in ɗauko sandar baba in goge ta in mayar bayan ƙofa.

Roƙona gare ku bai da yawa. Ku gyara maganar jihar nan ko da a ɗan lungun shafi ne. In Allah ya kawo sauƙi kuma ku tura wakilinku na Sakkwato ya je ya gani ya rubuto da idonsa, ba a kwafo daga intanet ba, ni zan haɗa shi da wanda ya san wurin ciki da bai. Sannan ina kira ga duk mai karatu da ke da tsohon hoton Surame a gida, musamman na kafin 1980, ko na mahaifinsa ne da ya yi aikin gona ko safiyo ko koyarwa a yankin, don Allah kada a bar wa gara, a ɗauke shi da waya a adana, a rubuta shekarar in an sani. Nawa da suka rage jikana ya ƙirga ɗari huɗu da 'yan kai, ya fara mayar da su cikin kwamfuta yana sa wa kowanne shekara. Ni ba sayarwa zan yi ba, so nake in samu inda za a karɓa a ajiye da amana, ko sashen tarihi na wata jami'a ko gidan tarihi, inda ɗalibi zai zo ya ce a nuna masa a nuna masa, don na san halin gida, ranar da na kwanta dama za a share ɗaki a ce tarkacen malam ne. Wanda ke da sha'awa ya tuntuɓe ni ta hannunku, na bar lambata a ofishinku.

Sandar kam ba ta cikin kyautar. Jikan ya ce in hanya ta yi kyau shi zai tuƙa babur ɗin, ni in riƙe sanda a baya, kuma wai wannan karon ni zan tsaya a gindin kukar shi ya ja baya taku goma sha biyar.

Na gode Malam Edita, a gaida ma'aikata.

Naku,
Wani tsohon malamin firamare, daga Sakkwato